Madubin Hangen Taurari Daga Guntun Gilashin Tebur

Gilashin da na fara da shi guntun saman tebur ne, mai kaurin milimita 19, irin mai ɗan kore-koren nan idan ka dube shi ta gefe. A Sabon Garin Zariya na same shi, wajen masu yanka gilashin taga da na kanta. Na ce wa mai shagon faifai nake so zagayayye, mai faɗin santimita 15. Ya ce, "Malam, agogon bango za ka haɗa?" Na ce a'a, madubin kallon taurari. Bai sake tambaya ba, ya dai ƙara kuɗin aiki. Gilashi mai wannan kauri ba ya yankuwa zagaye a tashi ɗaya, sai da ya riƙa ɓalle kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya cinye sauran a dutsen wasa. Na sa ya daddashe bakin duka zagaye, domin baki mai kaifi yakan ɓantare a wajen niƙa.

Tsarin da na bi shi ne wanda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Haske yana shiga ta bakin bututu, ya sauka kan madubi mai loko a gindi, ya dawo yana tsukewa, sai wani ƙaramin madubi da aka karkace digiri 45 ya tare shi ya jefa shi gefe, inda ido ko kyamara ke jira. Alfanunsa ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne fuska ɗaya tak za ka sarrafa, kuma tunda hasken ba ya ratsa gilashin, ba ruwanka da koren da ke cikinsa. Madubin Newton kansa na jan ƙarfe da kuza ne, faɗinsa bai kai inci biyu ba.

Na tsayar da shawara a kan nisan tattara haske na milimita 1200, wato faɗin madubin sau takwas. Lokon da ake buƙata a tsakiya milimita 1.17 ne kacal. Abokin niƙan na zuba shi da siminti, na manna masa gutsattsarin tayil a fuska, na ɗora shi kan duro da na cika da yashi. Sai a yayyafa garin silikon kabaid mai lamba 80, wanda makanikai suka sani a cikin man goge bawul, a ɗiga ruwa, a kife gilashin a kai, a yi ta turawa da jawowa kamar niƙan gero a dutse. Bambancin kawai shi ne bayan 'yan turawa kana juya gilashin a hannu, kai kuma kana zagaya duron taku-taku. Da yake tsakiyar na sama ce ke hawa kan gefen na ƙasa, na sama yana yin loko, na ƙasa yana yin tozo, kuma rashin maimaita hanya ɗaya shi ke sa lokon ya fito daidai ta kowane ɓangare. Ƙarar kuwa sai da maƙwabta suka leƙo. Zurfin na riƙa auna shi da rula ta ƙarfe da siraran ƙarafan nan da makanikai ke saita bakin fulogi da su.

Daga nan sai saukowa: 120, 220, 320, sannan garin alminiyam oksaid mai laushi har zuwa maikiron 5, wato kashi biyar cikin dubu na milimita. Kowane gari aikinsa ya share ramukan da na gabansa ya bari. A nan ƙasarmu take fara nuna halinta. Littattafan wannan sana'a sukan ce ka wanke hannu da kayan aiki kafin ka canja gari. Mu ba wankin hannu ne ya dame mu ba, iska ce. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana shiga ɗaki ko da an rufe taga, balle tsakuwar da iska ke kwasowa daga tsakar gida. Ƙwaya ɗaya ta faɗa tsakanin gilashi da tayil, za ka ji "ƙiii", ka ɗaga ka tarar da zane daga tsakiya har gefe, sai komawa baya zuwa garin da ya fi kaushi. Saboda haka niƙa mai kaushi na yi shi da rani a waje, mai laushin na jira damina, na koma banɗaki, ina jiƙa ƙasa da bango kafin in buɗe kwalbar gari.

Gogewa ita ce ta fi cin rai. Ana yin ta a kan shimfiɗar ƙaro da aka tsattsaga gida-gida, ana shafa mata siriyom oksaid, garin da masu cire zane a gilashin mota ke amfani da shi. Dole ƙaron ya kasance tsaka-tsaki: ya yi taurin da zai riƙe siffa, ya yi laushin da zai bi fuskar gilashin sannu a hankali. Ma'aunin da ake bayarwa na ɗakin da sanyinsa yake wajen digiri 20 ne. A zafinmu, ƙaron da Bature zai kira mai kyau narkewa yake ya toshe tsagoginsa kafin ka yi nisa. Na dafa kwalta a kan wuta kaɗan-kaɗan har ta rage maiƙo, na haɗa ta da busasshen ƙaron da masu gyaran rediyo ke lanƙwasa dalma da shi, ina ɗiga kaɗan a ruwa ina gwadawa da farcen babban yatsa. Idan ka danna da ƙarfi ya bar ɗan shaida kawai, ya yi. Idan farce ya nutse, a koma wuta. Kuma gwajin sai a yi shi a ɗakin da za a yi aikin, a lokacin da za a yi shi. Ni bayan sallar asuba nake gogewa, kafin kwano ya ɗauki zafi.

Madubin da ya yi sheƙi bai gama ba. Lokon da niƙa ke bayarwa yankin ƙwallo ne, shi kuwa hasken tauraro sai farabola ke tattara shi wuri ɗaya, wato tsakiya ta ɗan fi zurfi. Gilashin da za a cire bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, babu rular da za ta auna shi. Dabarar Léon Foucault, mutumin Faransa, ta 1858 ita ke fitar da mutum, kuma kayanta ƙwan LED ne da reza. Ka jingine madubin, ka koma baya mita 2.4, wato ninkin nisan tattara haske, ka haska shi ta wata 'yar tsaga. Hasken zai dawo ya taru kusa da inda ya fito. Ka sa ido a wurin, madubin duka zai cika da haske. Sai ka turo bakin reza a hankali ta gefe. Idan lokon na ƙwallo ne sak, fuskar za ta dushe gaba ɗaya lokaci guda. Idan akwai tudu ko kwari, inuwa za ta zana maka su ƙuru-ƙuru kamar ana haska su daga gefe. Ranar farko na fi ɓata lokaci wajen wasa da shi fiye da aunawa: ka miƙa hannu gaban madubin, za ka ga zafin jikinka yana tashi yana murɗawa. Wannan ya sa ake kashe fanka a rufe ƙofa, kuma a bar gilashin ya huce bayan gogewa, don gilashin taga yana kumbura da zafin hannu fiye da Pyrex, gilashin nan mai jure zafi.

Lissafi ya ce idan fitilar tana tsaye wuri ɗaya, tsakanin inda hasken tsakiya ke taruwa da inda na gefe ke taruwa a sami milimita 2.3. Na bi shi da gogewa ta 'yan mintoci, da jira mai tsawo, da aunawa, har na matso kusa da hakan na tsaya. Bakin madubin ya ɗan zube, cutar da kusan duk madubin hannu ke fama da ita, na rufe wajen milimita 3 na gefen da baƙin zobe. Duk wanda zai fara, ina ba shi shawarar kada hotunan intanet su ruɗe shi ya ce sai gajeren madubi mai sau huɗu ko sau biyar. Mai sau takwas yana da yafiya. Ko an bar shi a siffar ƙwallo ma yana dab da iyakar abin da ake karɓa. Gajere kuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Madubin kanti alminiyam ake fesa masa a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Aika nawa waje ya dawo ya fi ƙarfin aljihuna, ga fargabar fashewa a hanya, sai na koma hanyar mutanen da, wato azurfa. Ana haɗa silba naitiret da amoniya da soda, a zuba ruwan sukari, azurfar ta kwanta a fuskar gilashin. Abu biyu ke yanke hukunci. Na farko tsabta: ruwan da aka tace ta hanyar turiri kawai, kuma idan ruwa ya yi ɗigo-ɗigo a fuskar maimakon ya shimfiɗu, ba ta wanku ba. Na biyu sanyi: a zafinmu haɗin yakan ƙone ya zama laka kafin ya kama gilashi, don haka a cikin baho mai ƙanƙara na yi. Wannan ruwan ba a ajiye shi ko na awa ɗaya. Idan ya kwana yana haifar da wani sinadari mai fashewa, ana gamawa ake kashe shi da ruwa mai yawa a zubar. Tabarau da safar hannu dole ne. Inda ya taɓa fata baƙi yake yi, sai fatar ta saɓe.

Bututun maƙerin da ke yin bokiti da mazurari ya naɗe mini shi da farin kwano, na shafe cikinsa da baƙin fenti mara sheƙi. Ƙaramin madubin saye na yi, don goge fuska ta miƙe sak ya fi goge loko wuya. Mazaunin farko na filawud ne, irin wanda John Dobson ya yaɗa a titunan San Francisco tun wajen ƙarshen shekarun 1960: akwati mai juyawa dama da hagu, bututu mai ɗagawa sama da ƙasa. Da shi muka ga ramukan wata, da zoben Zuhal, da watanni huɗu na Mushtari a jere. Wani dattijon maƙwabcina da na saita masa Zara da magariba ya daɗe yana leƙe, ya ga ta fito lauje kamar jinjirin wata, ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. Ashe matar ma ta ɗauko halin mijin." Na ce, "Baba, haka take, ita ma hasken rana take ara." Yaran unguwa kuwa doka ɗaya na kafa musu: ba a taɓa juya shi wajen rana, makanta ce nan take.

Ɗaukar hoto ya sa na sake kwance kusan komai. Da waya ana iya ɗaukar wata ta gilashin leƙe, amma kyamarar da ake cire wa lens tana son hasken ya taru a kan sensarta kai tsaye. A kyamarar Canon sensar tana can ciki milimita 44 daga baki, da zoben haɗawa ta kai 55. Na'urar da aka gina don ido ba ta fito da matattarar haske waje haka. Na huda sababbin ramuka na matso da babban madubin sama wajen santimita 4. Yin hakan ya sa hasken ya fi faɗi a inda ƙaramin madubin ke tare shi, dole na canja shi da wanda ya fi girma, in ba haka ba kusurwoyin hoto su yi duhu. Ƙafafun da ke riƙe shi na yi su da tsofaffin ruwan zarton ƙarfe guda huɗu, su ne ke ba taurari masu haske ƙahonin nan huɗu a hoto. Bututun saiti na bi tsarin Crayford, wanda John Wall ya fito da shi a Ingila: ƙananan boris huɗu da sanda mai matse bututu, babu haƙora balle girgiɗi. Don gane saiti ya zauna, na yanka marufin Bahtinov, wato marufi mai tsagogi da ake ɗorawa a bakin bututu, a jikin tsohon fim ɗin hoton ƙashi. A gindi kuma na ɗaura fankar kwamfuta, saboda gilashin da ya wuni a ɗaki mai zafi yakan yi ta fitar da ɗumi da dare, hoton ya yi ta rawa.

Sauran babbar magana, wato juyawar duniya. Sama tana tafiya digiri 15 a awa. A wannan nisan tattara haske, da sensa irin tawa, tauraro yana tsallake fiksel wajen ashirin a daƙiƙa ɗaya. Wata da Mushtari ba su da matsala: bidiyo ake ɗauka suna ratsawa, manhajar AutoStakkert ta zaɓo hotunan da iska ba ta ɓata ba ta haɗe su. Amma abu mai dishi-dishi yana son a buɗe kyamara ta daɗe, dole na'urar ta bi shi. Hanyar ita ce a kafa sandar juyawa ta yi daidai da sandar duniya, ta nufi tauraron arewa, sai a juya ta sau ɗaya a awa 23 da minti 56.

Zane-zanen da na tarar kusan duk na mutanen Turai da Amurka ne, inda tauraron arewa yake digiri 40 ko 50 a sama, sandar tana tsaye a karkace. A Zariya digiri 11 yake, a Kano 12. Sau da yawa ma katanga ko darbejiya ko hazo sun rufe shi. Sandarmu kusan a kwance take, kuma mazaunin kanti mai nauyi a gefe guda, idan aka kwantar da shi haka, nauyin yakan bugi ƙafarsa. Abin da ya dace da mu tsohon tsarin Ingilishi ne: firam mai kusurwa huɗu, bututu a rataye a tsakiyarsa, kan firam ɗin ɗaya a kan ginshiƙin arewa, ɗayan a kan na kudu. A kan irinsa aka ɗora madubin Hooker mai inci 100 a Dutsen Wilson na Kalifoniya a 1917, wanda masanin taurari Edwin Hubble ya yi aikinsa da shi. Aibin da ake faɗa masa shi ne firam ɗin yana tare saman da ke kusa da tauraron arewa. Mu wannan yankin dama a cikin ƙura yake, ba mu yi asarar komai ba.

Mai walda ya haɗa shi da fayif mai kusurwa huɗu, tsawon santimita 160, ginshiƙin arewa ya ɗara na kudu da kusan santimita 30. Boris ɗin masu gida ne, irin na injin markaɗe. Damuwata ita ce yadda guntayen sanduna biyu na kai da kai za su zauna a layi ɗaya bayan wuta ta ja ƙarfe. Ya ce, "Oga, ai wannan ba abin lissafi ba ne." Ya zura doguwar sanda guda ta ratsa firam ɗin daga kai zuwa kai, ya yi walda, ya bari ta huce, ya yanke tsakiyar ya yar. Da ɗan gari akan ci gari.

Tuƙin kuwa hannu ne na ƙarfe da aka ɗaure a sandar kudu, dogon sukuru M8, wato mai kaurin milimita 8, yana tura shi. Zaren M8 yana ci gaba milimita 1.25 a kowane juyi, saboda haka hannu mai tsawon milimita 286 yana son juyi ɗaya a minti. Na ninka tsawon zuwa 572, juyi biyu a minti, don kuskuren zare ya ragu da rabi. Injin mai tafiya taku-taku daga matacciyar firinta na ciro shi, ɗan ƙaramin allon kwamfuta da ake kira Arduino ke ba shi umarni, batirin babur ke ci da su. Da yake sukuru miƙe yake tafiya hannu kuma zagaye, saurin yana kaucewa a hankali. Na sa gyaran a cikin lissafin Arduino, kuma idan zaren ya ƙare sai a mayar da shi baya.

Layin arewa da kudu da rana na fitar da shi, ba da kamfas ba, tunda ƙarfen rodin da ke cikin daɓen yana ruɗa allura. Na rataya igiya mai dutse, na bi inuwarta har lokacin zawali, inda ta fi gajarta. A Disamba aka fi jin daɗin wannan, rana ta karkata kudu sosai. A Afrilu da Agusta tana bi ta tsakar ka, inuwar ba ta da tsawon da za a ja layi. Ragowar gyaran da dare ake yi: ka sa tauraro a tsakiya, ka ga ko yana zamewa arewa ko kudu. Na saman kai yana gaya maka ka matsar da ginshiƙi gabas ko yamma, na ƙasa-ƙasa a gabas yana gaya maka ka ɗaga ko ka sauke. Da ya zauna na zuba siminti a gindin ginshiƙan.

Abin da nake samu yanzu buɗewar daƙiƙa 20 zuwa 30 ce, in ɗauki da yawa, in zubar da waɗanda taurari suka ja wutsiya, in haɗa sauran a manhajar Siril. Hotunan duhu, waɗanda ake ɗauka da marufi a rufe, a nan ba a tsallake su, don sensa a daren bazara tana cika hoto da jajayen ɗigo. Haka na farin fili, masu share tabon ƙura. Daren da aka ɗauke wuta ya fi kowanne, muddin masu janareta sun yi barci. Hayaƙinsu ma shi ke saurin dusar da azurfar, shi ya sa madubin yake kwana a rufe ruf, kuma duk da haka idan ya fara yin ruwan ƙasa sai a wanke a sake zubawa.

Sararin da ya fi kyau na Oktoba ne zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazo bai iso ba. Kaza da 'ya'yanta ba ta shiga hoton duka, ta fi filin faɗi. Gajimaren Orion kuwa yana hawa sama da digiri 70, ya fito da ja da shuɗinsa. Amma abin da ya sa na ce wahalar ta biya yana kudu: Omega Centauri, dunƙulen taurari mafi girma a cikin tarin da ranarmu take, wanda mutumin Ingila ba ya ganinsa ko ya hau soro. A nan yana kai digiri 30 da ɗoriya. Lokacinsa na fari yana faɗawa cikin ƙurar Maris, don haka nakan jira daren da ya biyo bayan ruwan farko, ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. A irin wannan daren hoton ya warware shi ƙwaya-ƙwaya har kusa da tsakiya, gajimaren Carina ma ya samu duk da yana ƙasa da digiri 20.

Abin da ke hana ni wuce daƙiƙa 30 sukurun ne. Na kasuwa ba ya miƙewa sak, kowane juyi yana ɗan tura hannun gaba ya dawo da shi, taurari su fito dogaye a hoto ɗaya cikin kowane 'yan hotuna. Na kai wa wani mai injin gyaran ƙarfe a Tudun Wada sandar bakin ƙarfe ya yanka mini sabon zare, da noti na tagulla mai tsawo wanda zai kama zare da yawa lokaci guda. Ya ce in dawo bayan sallah.